Yadda Yayata Tela Ta Sauya wa Edita Suna

Yayata tela ce, kuma ba ta iya yafiya ba. Tun da ta rasu bara, duk wanda ya zo mini gaisuwa sai ya yabi hannunta a ɗinki, sa'an nan ya rage murya ya ce amma dai abin da ta yi wa Edita ya yi yawa. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da abin ya fara. Ni ina nan, don haka zan faɗi yadda aka yi, bi da bi.

Mu biyu iyayenmu suka bari, ita babba, ni ƙarami, kuma Auta take kirana har na yi furfura. Da aka buɗe makarantar mishan a bayan kasuwa, ni aka kai, ita aka bar ta a gida. Ita ta ɗinka mini rigar makaranta ta farko da allurar hannu, daga wani tsohon labule. Aljihun ya karkace, malaminmu ya tsayar da ni gaban aji don a ga yadda ba a ɗinka aljihu. Da na faɗa mata, ta karɓi rigar. Ta farke, ta sake, ta kuma farkewa, har ya zauna kamar an gwada shi da rula. Bayan shekaru masu yawa ta gamu da malamin a kasuwa, ya tsufa, ta jawo mijinta ta tsayar a gabansa, ta ce ya duba aljihun rigar da ta ɗinka wa mijin ya ba ta maki. Karatu kuwa a wurina ta ƙwace shi, lokacin hutu, tana riƙe da kunnena har sai na nuna mata harafi na gaba.

Mijinta mai gyaran famfo ne, mutum mai sanyin hali. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi da wuri, ya bar mata 'yan mata biyu, da ɗan gida mai ɗaki uku, da keken ɗinki na ƙafa wanda ya sayo mata na hannu. Ɗakin gaba ta mayar shago. Taga ɗaya ce babba mai kallon titi, keken yana ƙarƙashinta saboda haske. Akwai dogon benci na masu jira, da madubi mai tabo a kusurwa, da dutsen guga na gawayi a bakin ƙofa, da gwangwanin biskit cike da maɓallai wanda ba wanda ya isa ya sa hannu a ciki. Matan layin suna ce mata Yaya Tela, har waɗanda suka girme ta.

A zamanin akwai wata mujallar mata mai fitowa wata-wata, shi ya sa suke ce mata 'yar wata. Ba ta da kauri, takardarta ma tana barin baƙi a yatsa. Akwai labari mai ci gaba, da shawara kan renon yara, da shafin wasiƙu. Amma abin da ake rububi yana tsakiya: wata takarda mai laushi a ninke, in ka buɗe ta sai ta rufe tebur, an zana yankan riga a kai daidai girman mutum, hannu daban, wuya daban, gaba da baya. Tela za ta shimfiɗa ta a kan yadi, ta bi da alli, ta yanka. A shagon Yaya ake sauke ƙunshin na layinmu. Kowace ta zo ta ɗauki tata, ta karanta labarin ko a karanta mata, bayan kwana biyu ta dawo da takardar tsakiya da yadi a hamata. Ranar da 'yar wata ta fito, bencin nan ba ya ɗaukar mutane, wasu a dokin ƙofa suke zama, ɗaya tana karantawa da ƙarfi don ta rinjayi ƙarar keke. Ban ƙara ganin ɗaki mai daɗin shiga irin wannan ba.

Mai mujallar abokina ne, aji ɗaya ya fi ni a makaranta. Maraya ne, a gidanmu yake cin abincin rana, Yaya ce ke zuba masa. Yana da kai, yana da baki, takalminsa kullum yana ƙyalli. Game da aikinsa ba ni da abin faɗi sai yabo. A duk shekarun da ya yi yana fitar da mujallar ban taɓa kama waƙafi a inda bai dace ba, kuma na nema. Kowa Edita yake ce masa, shi ma yana son sunan.

Wata rana a tsakiyar damina ya zo shagon da kansa, ruwa ya jiƙa masa kafaɗa. Ya zauna a bencin mata, Yaya ta ba shi ruwan sha a kofinta na kanta.

Ya ce, “Yayarmu, injin launi zan sayo. Rigar nan da kike gani baƙi da fari, za ki gan ta ja a ja, shuɗi a shuɗi. Duk wadda ta biya kuɗin shekara biyu yanzu, shekara uku za ta yi tana karɓa.”

Yaya ta ce, “Kai da ko maɓallin rigarka ba ka iya sawa a raminsa, kai ne za ka tuƙa injin launi?”

“Shi ya sa na zo wurin mai gyara mini maɓalli. Matan layin nan ba maganata suke ji ba, taki suke ji.”

Gaskiya ya faɗa. Yaya ta yi magana, mata suka kawo. A nan kuskuren ya shiga. Yawancinsu daga ɗan abin da suke ɓoyewa suka biya, wanda mazajensu ba su san da shi ba, wata a cikin matashin kai, wata a ƙasan akwatin zannuwa. Da aka yi zancen rasit, suka ƙi. Akwai wata mai baki a cikinsu, mijinta direban babbar mota ne, ana ce mata Matar Direba. Ita ta yanke maganar.

“Rasit? In kai gida maigidan ya tsince shi ya ce ina na samu? Yaya Tela, ke ce rasit ɗinmu.”

Aka yi dariya, aka tashi a haka. Yaya ta ƙulle kuɗin a kyalle ta kai ofis. Edita ya karɓa ya zuba a durowa, ya ce tsakaninsa da wadda ta ciyar da shi, rubuta rasit ma abin kunya ne.

Mujalla ta fito sau biyu, baƙi da fari kamar kullum. Ta uku ta zo siririya, babu takardar tsakiya, babu labari, sai tallar fenti shafi bayan shafi. A ƙasan shafin ƙarshe, da ƙananan haruffa, an ce mujalla ta koma hannun sabon mai ita. Daga wannan ba a sake ganin ta ba.

Na raka Yaya wurin wanda ya saya. Dillalin fenti ne, gwangwanaye jere har rufi, warin wurin yana sa ido hawaye. Ƙaton mutum ne mara ɓoye-ɓoye, yana zaune a kan durom yana sakace.

Ya ce, “Baiwar Allah, ni injin nake so, in riƙa buga takardar da ake manna wa gwangwani. Sunan mujallar gyara aka yi mini.”

“Matan da suka biya fa?”

“Edita ya nuna mini yawansu don farashi ya tashi. Tun kafin ruwa ya sauka muke ciniki, ya ce in dakata ya tara masu biya tukuna. Ya tara, na ƙara masa kuɗi. Nasu kuwa ko sisi ban gani ba. Ki je wurin wanda kika miƙa wa.”

Yaya ta dube ni, na dube ta. Tun kafin ruwa ya sauka, in ji shi. Ke nan ranar da Edita ya zauna a bencinta da jiƙaƙƙiyar kafaɗa yana zancen injin launi, ya riga ya san ba zai buga ko shafi ɗaya mai launi ba.

Muka same shi a barandar gidansa. Bai yi musu ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya shiga ciki ya fito da takardar ciniki, ya ce mu tafi da kwafi mu nuna wa duk wanda muke so. Muka kai ta wurin wani maƙwabcina, tsohon akawun kotu. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu, yana bin layi da yatsa.

Ya ce, “Takarda ta ɗora wa mai saye. In an sayar da mujalla, alkawarin da ta yi wa masu biya yana bin wanda aka rubuta, kuma ga shi an rubuta. Abokinka ya fita fes. Mai Fenti za a kai ƙara.”

Yaya ta ce, “Wa zai kai?”

“Waɗanda suka biya mana. Kowace ta zo da rasit ɗinta.”

Muka yi masa godiya muka tashi. Kafin shekara ta ƙare ma Mai Fenti ya rufe shago ya bar garin, kuma a motar mijin Matar Direba aka ɗauke injin. A hanyarmu ta komawa daga gidan akawun na yi ƙoƙarin bayyana wa Yaya cewa a doka dai Edita ba shi da laifi. Ta ce, “Auta, takarda ce ta sha ruwa a kofina?”

Matan ba za su iya zuwa wurin Edita ba, don a gidajensu ba a san sun biya ba. Ba za su iya bin Mai Fenti ba. Wadda ta rage a gabansu ita ce wadda suka miƙa wa. A wannan shekarar kuma, don rashin sa'a, na sauya mata kwanon rufin shago, domin yana yoyo a kan yadin mutane. Daga albashina na gidan waya na saya, amma wa zai tsaya ya ji? Matar Direba ta tsaya a tsakiyar titi da rana tsaka, ta sa hannu ta kare ido, ta ɗaga kai.

“Kai, rufin nan ya yi kyau! Ina jin kwano ukun nan na gefe nawa ne. Ke Ungozoma, ga naki can kusa da indararo.”

Zancen ya shiga gidaje, mazaje suka ji, aka yi ta rigima a ɗakuna, kuma kowace rigima da sunan Yaya take ƙarewa. Ta yi shelar cewa duk wadda ta biya ta kawo ɗinki kyauta har sai ta fanshe kuɗinta. Wannan ya ƙara ɓata lamarin. Matar Direba ta ce, “Kun gani? Da ba ta ci ba, me zai sa ta biya?” Bencin ya fara yin fili, daga baya ya zama wurin ajiye tsumma. Matan da ta ɗinka wa kayan goyon fari suka riƙa tsallaka titi in sun iso tagarta. Wadda take yanka riga mai tattara ba tare da ta sa tef ba ta koma facin buhu da gyaran wandon leburori, don 'ya'yanta su ci abinci.

Sau ɗaya tak ta roƙe shi, ina wurin. Ta ce, “Ƙanena, ban ce ka biya ba. Zo layinmu ka ce musu kuɗin ya iso hannunka. Shi ke nan.”

Ya daɗe yana kallon takalminsa. Ya ce, “Yaya, na yi shawara. In na shiga gida ɗaya na ce na karɓa, na ɗauko wa kaina nauyin da takarda ta sauke mini. Ki yi haƙuri. Mutane za su manta.”

Ta ce, “Za su manta?”

“Wallahi nan da shekara ba mai tunawa.”

Ta miƙe ta gyara mayafi. Daga ranar ba ta ƙara ce masa ƙanena ba.

Da kuɗin cinikin ya buɗe kantin littattafai da kayan rubutu kusa da tasha, mai ƙofar gilashi. Da sabon wata ya kama, lokacin da 'yar wata ta saba fitowa, Yaya ta yi wanka ta sa rigarta mafi kyau, ta tafi. An koma makaranta a makon, kantin cike da iyaye. Ta bi layi kamar kowa. Da ta iso gaban kanta ta gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi maiɗakinsa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ta ce, da muryar da na bayan layi zai ji:

“Edita, ta fito?”

“Haba Yaya, ai kin san yadda…”

“Tambaya na yi. Ta fito?”

“Ba ta fito ba.”

“To, madalla. Sai wata mai zuwa.”

Ta juya ta fita. Abin da ta yi ke nan, kuma shi ta ci gaba da yi duk farkon wata, ba fashi. Ba ta taɓa zaginsa ba, ba ta taɓa ambatar kuɗi ba. In wani ya tambaye ta mece ce ba ta fito ba, sai ta ce ya tambayi Edita, shi ne mai ilimi.

Ya gwada dabaru. Ya riƙa ɓuya a sito in ya hango ta. Sai ta ja kujera ta zauna, ta fito da allura da wani wando tana kalmasa, har zafin sito ya koro shi. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Wanda aka turo ya tambayi abin da take yi, aka ce gaisuwa da tambaya ɗaya. Ya rufe littafinsa, ya sa hula, da ya kai ƙofa ya waiwayo ya ce, “To, ranka ya daɗe, ta fito ɗin?”

'Yan dakon tasha ne suka fara ɗauka. In ya wuce da safe sai wani ya yi ihu daga kan mota, sauran su amsa baki ɗaya, “Ba ta fito ba!” Daga nan direbobin tasi suka karɓa, sai ma'aikata masu jiran albashi, sai ɗalibai masu jiran sakamako. Duk abin da aka yi alkawarinsa bai zo ba, da wannan tambayar ake nemansa. Kafin a ankara kantin ya zama kantin Ta-fito, mai shi kuma Malam Ta-fito. Iyaye suka daina ba shi kafin alƙalami na littattafan zango mai zuwa. Makarantu suka mayar da odarsu wani wuri. Ya rufe kantin ya kama aikin sakatare a wani kamfanin katako a ƙarshen gari. Yaya ta riƙa rufe shago rabin yini, ta hau mota biyu, ta same shi a can, ta tambaye shi a gaban masu zarto.

Akwai watan da aka yi masa aikin ido, yana kwance a asibiti an naɗe masa fuska da bandeji. Na ce wannan karon dai za ta bari. Ta sayi lemo ta je. Ta zauna a gefen gado, ta yi masa sannu, ta ɓare lemo ɗaya tsaf ta sa masa a tafin hannu, ta jira ya kai baki. Sa'an nan ta tambaya. Wani mai karyayyar ƙafa a gadon ƙarshe ya yi dariya har sai da aka kira nas.

Da yamma na same ta na ce, “Yaya, mutumin nan ya ji jiki. Ya isa haka.”

Ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba. Ta ce, “Kai da ka yi makaranta, faɗa mini. Na zage shi?”

“A'a.”

“Na yi masa ƙarya?”

“A'a.”

“To je ka sha shayinka.”

Matar Edita ma ta zo, mace mai kirki, da ambulan mai kauri a jaka. Ta durƙusa ta ce a karɓa a raba wa matan, a rufa wa yara asiri. Yaya ta ɗaga ta ta zaunar a benci. Ta ce, “Ƙanwata, in na karɓi wannan na bi gida-gida ina rabawa, kin san me za a ce? Za a ce tela ta tsufa, tsoron mutuwa ya sa ta amayar. Mayar masa. Bakinsa nake jira.”

Haka aka tafi. 'Yan matan Yaya suka girma a kan kuɗin facin buhu, suka bar gida. Ni na kusa ajiye aiki. Wata safiya a ɗakin rarraba wasiƙu na ga ambulan daga wani kamfanin inshora na wani gari, an buga adireshi da tafireta: Malam Ta-fito, sai sunan unguwa. Masinjanmu sabon zuwa ne, bai taɓa jin sunan da aka haifi mutumin da shi ba. Ya ɗauka ya kai ba tare da ya tambayi kowa ba.

Bayan kwana kaɗan Edita ya zo gidana yana dogara sanda, ambulan ɗin a hannunsa. Ya ajiye shi a kan tebur. Ya ce, “Jikokina da wannan ake kiransu a makaranta. In na mutu haka, da shi za a yi sanarwa. Raka ni wurinta.”

Mun tarar da ita ta cusa buhu ƙarƙashin allura.

Ya ce, “Yaya, na zo.”

“Wata bai kama ba tukuna. Kuma ni ke zuwa.”

“Zan faɗa musu.”

Ƙafarta ta tsaya. Ta cire tabarau ta ajiye a kan keke. “Me za ka faɗa? In ji.”

“Cewa kuɗin ya iso hannuna duka, ba ki ci ko sisi ba.”

“Ka tsallake na tsakiya.”

“Wane na tsakiya?”

“Cewa ranar da ka karɓa ka san ka sayar.”

Ya gyara riƙon sandarsa. Ya ce, “Amma takardar ciniki…”

“Zo da ita in kana so, ka karanta musu. Bayan ka faɗi ukun nan.”

Ya maimaita su a jere, ta sa ya ƙara, don muryarsa ta shige ciki a na tsakiyar. Sa'an nan ya ce, “In na yi, za a daina?”

Ta ce, “Ni zan daina. Bakin gari kuwa ba ni na ɗinka masa zif ba.”

Washegari da hantsi muka fita, ita a gaba, shi a tsakiya da sandarsa, ni a baya a matsayin shaida. Layin ya sauya ƙwarai. Inda ake da bishiyoyi an yi benaye, kantunan kayan sawa ɗinkakku sun cika bakin titi. Amma Yaya ba ta manta ƙofa ko ɗaya ba. Ungozoma ta daɗe da rasuwa, matar ɗanta ce ta buɗe, da jariri a kafaɗa, ba ta san zancen da ake yi ba. Edita ya dubi Yaya da alamar a wuce. Ta ce, “Faɗa mata. Za ta faɗa wa mijinta, shi ya ji abin da uwarsa ta ce a kaina.” Ya faɗa. Wani gidan an rushe shi an yi kantin magani, ta sa ya faɗa wa mai sayar da maganin, wanda ya saurara da ladabi ya tambaya ko akwai abin da za mu saya. Wata tsohuwa kunnenta ya yi nauyi, dole Edita ya ɗaga murya yana maimaita na tsakiyar har tagogin maƙwabta suka buɗe. Daga nan mutane suka fara bin mu, masu shago suna fitowa suna kiran juna.

Wata da ta ji, ta fashe da kuka ta kama hannun Yaya. “Yaya Tela, wallahi ni dama ban taɓa yarda ba.”

Yaya ta ce, “Amma kin daina zuwa.” Ta zare hannunta.

Gidan Matar Direba ne na ƙarshen layi. Direban ya rasu, ita kuma ƙafafu sun ƙi, tana zaune a kan tabarma a tsakar gida ta jingina da bango. Ta gane mu nan take. Waɗanda suka biyo mu suka cika ƙofa. Edita ya tsaya a gabanta ya faɗi ukun nan ba tare da an tuna masa ba, gumi yana bin wuyan rigarsa.

Matar Direba ta dube shi, ta dubi Yaya. Can ta ce, “Ashe.” Ta ƙara cewa, “Yaya Tela, sharrin shaiɗan ne. Kin san bakina.”

“Na san shi.”

Ta ƙwala wa surukarta kira, ta ce a buɗe akwatin ƙarfe a ɗauko yadin da ke ƙasa. Aka kawo, shuɗi mai duhu, har yanzu da ninkin kanti. Ta miƙa da hannu biyu. “Ga shi. Ki yi mini irin ta da, mai tattara a kafaɗa. Ba mai iya ta yanzu.”

Yaya ta karɓa. Ta murza bakin yadin tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ga haske, ta ware ta auna daga hanci zuwa ƙarshen yatsa kamar yadda ta saba. Na ga fuskar Matar Direba ta saki, na ji wasu a ƙofa suna cewa alhamdu lillahi. Yaya ta ninke shi a kan tsohon ninkinsa, gefe da gefe, ta shafe da tafi, ta ɗora mata a cinya.

“Yadi mai kyau. Kada ki bari a ɓata miki shi.”

“Ba za ki ɗinka ba?”

“Wadda take miki ɗinki duk shekarun nan ta mutu ne?”

“Tana nan.”

“To, kai mata.”

Mutane suka dare suka ba ta hanya. A waje Edita ya zube a kan wani dakali, ya ajiye sanda a gefe, yana numfashi da baki. Wata mai kanti ta kawo wa Yaya kujera ta ce Yaya Tela ta zauna ta huta, ta ƙi zama. Edita ya ɗago kai.

“An gama?”

Ta ce, “Na layin nan an gama. Akwai huɗu da suka ƙaura ƙetaren gada, na san gidajen.” Ta juyo gare ni. “Auta, tare mana tasi. Shi zai biya.”